FURE A GEFE, MIYA A TSAKIYA: YADDA ZA KI RABA LAMBUNKI DA DODON KOƊI

Yau za mu ɗan ajiye zancen lalle da ɗaurin ɗankwali mu leƙa bayan ɗaki, domin duk wadda ake aike cefane ta san yadda kuɗin kayan miya ke narkewa a hannu kamar an riƙe ƙanƙara. Ki tambayi Mama ko Yaya abin da ya faru a shekarar 2016, lokacin da tsutsar nan da manoma suka sa wa suna sharon ta afka wa gonakin tumatur a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa, har sai da gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatur. A wancan lokaci gidan da ke da ɗan alayyahu da yakuwa da kuɓewa a tsakar gida bai ci gayan tuwo ba. Ai dama Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

To amma da yawa daga cikinku sun taɓa gwada ɗan lambu a lokacin hutun makaranta, suka kuma bari cikin takaici. Za ki ji yarinya tana cewa, "Ni kam na haƙura, jiya da yamma na bar alayyahuna shar da shi, yau na tashi sai tsinke!" Wata kuma ta ce, "Ai ni an ce in shuka furen marigol yana korar ƙwari, na shuka, ƙarshenta ma shi aka fara cinyewa." Duk su biyun gaskiya suka faɗa, kuma ɓarawonsu ɗaya ne, sunansa dodon koɗi. Abin da ya rage shi ne ki san aikin da furen yake yi da wanda ba ya yi, sannan ki san halin ɓarawon. Da kin san waɗannan biyu, lambunki ya tsira.

WANE FURE NE WANNAN?

Kin san shi ko da ba ki san sunansa ba. Shi ne furen nan mai cunkus kamar tuntun hula, wani ruwan goro, wani ruwan ɗorawa, wani kuma da ratsin ja a tsakiya, wanda ake jerawa a gaban ofisoshi da makarantu da bakin shataletale. Ganyensa tsaga-tsaga ne, in kin murza shi a hannu sai ki ji wani ƙamshi mai ƙarfi da wasu ke so, wasu kuma su ce wari ne. Masu kallon finafinan Indiya kuwa sun fi kowa saninsa, domin shi ne ake tsirewa a zare a yi dogayen sarƙoƙin da ake rataya wa ango da amarya a wuya, a kuma ƙawata ƙofofi da su ranar biki.

Abin mamaki, asalinsa ba Indiya ba ne. Ɗan ƙasar Meziko ne, kuma mutanen can sun daɗe suna shuka shi tun kafin Turawan Sifen su isa yankin su kwaso irinsa zuwa Turai a ƙarni na 16. Har yau a Meziko da shi ake ƙawata maƙabartu a ranakun 1 da 2 ga Nuwamba, lokacin da suke tunawa da mamatansu. Masu sarrafa abincin kaji ma suna zuba garin furensa a ciki domin gwaiduwar ƙwai ta yi ja sosai.

Iri biyu za ki fi samu wajen masu sayar da furanni a bakin titi. Akwai dogo, wanda kan kai kusan ƙugu, mai manyan furanni kamar dunƙulen hannun yaro, Turawa na kiransa ɗan Afirka. Akwai kuma gajere, wanda bai cika wuce santimita 30 ba, mai ƙananan furanni da yawa, shi kuma suna ce masa ɗan Faransa. Kada sunayen su ruɗe ki, dukkansu 'yan Meziko ne. Don ƙaramin lambu na cikin gida gajeren ya fi dacewa, saboda ba ya yi wa kayan miya inuwa, kuma yana saurin yin fure.

AIKIN DA YAKE YI A ƁOYE

Babban aikin wannan fure a ƙarƙashin ƙasa yake, inda ido ba ya gani. Kin taɓa ganin tumatur ko kuɓewa da ake ba ruwa da taki yadda ya kamata, amma kullum a tsumbure, ganye ya yi rawaya, da rana ta ɗaga sai ya yi yaushi kamar marar lafiya? Ki tuge guda ɗaya ki dubi saiwarsa. In kin ga ta yi ƙulu-ƙulu kamar an tsire duwatsun wuya, to tsutsar saiwa ce ta shige ta. Wata 'yar mitsitsiyar tsutsa ce da sai da madubin likita ake ganinta, tana son ƙasa mai rairayi da zafi irin tamu, tana shiga saiwa ta zauna ta toshe hanyar da ruwa da abinci ke bi su hau sama. Tumatur da kuɓewa da gauta da yalo da tattasai da karas duk abincinta ne.

Saiwar marigol tana fitar da wani sinadari mai guba ga wannan tsutsa, kuma in ta shiga cikinta ba ta iya girma balle ta hayayyafa. Saboda haka ƙasar da aka cika da furen, tsutsar kan ragu a cikinta ƙwarai. To amma ki lura da kalmar nan, "aka cika". Fure biyu ko uku a kusurwar fangali ba za su yi wannan aiki ba. Sai an shuka shi da yawa, kusa da kusa, ya rufe wurin ruf, ya zauna wata biyu zuwa uku, sannan a sare shi a turbuɗe a ƙasa, a dasa tumatur a gurbinsa. Wannan kuwa ya zo daidai da yanayinmu. Ki ba furen fangali ɗaya tun daga Yuli har ƙarshen Satumba, in ya so da sanyi ya fara shigowa sai ki dasa tumatur ɗinki na rani a wurin. Badi kuma ki juya, furen ya koma ɗaya fangalin.

A sama ma yana da ɗan taimakon da yake yi. Akwai wani ƙaramin farin ƙuda da ke maƙalewa a bayan ganyen tumatur, in kin girgiza shukar ya tashi kamar an watsa gari. Yana tsotse ruwan ganye, kuma shi ke yaɗa cutar da ke sa ganyen tumatur ya nannaɗe. A shekarar 2019 masu bincike a Jami'ar Niyukasil ta Ingila sun nuna cewa gajeren marigol yana fitar da sinadarin da ke ba ɓawon lemo ƙamshinsa, kuma ƙudan ba ya son wannan ƙamshi. Sun kuma gano cewa dabarar ta fi aiki in furen da tumatur sun taso tare tun suna ƙanana. In ƙudan ya riga ya cika shuka, amfanin kaɗan ne. Ban da haka, furen yana kiran zuma da sauran ƙwarin kirki, masu barbarar kabewa da kuɓewa da masu cinye ƙananan ƙwarin da ke tsotsar ganye.

Iyakar aikinsa ke nan, 'yar'uwa, kada wani ya yi miki daɗin baki. Ba ya hana sharon, ba ya hana fara, ba ya hana akuyar maƙwabta. Dodon koɗi kuwa, hmm, in ya ga ɗanyen marigol ji yake kamar an ajiye masa dambun nama.

KI SAN ƁARAWONKI

Ƙannenki maza sun san gidansa, shi ne katantanwar da suke murzawa a ƙasa suna wasan koɗi. Mai gidan kuwa ba a cika ganinsa da rana ba. Jikinsa kusan duk ruwa ne, rana da iska suna busar da shi, don haka yake wuni a ɓoye ƙarƙashin dutse ko tsingaro ko bayan randa ko cikin tarin shara, sai dare ya yi ko an ɗauke ruwan sama ya fito kiwo. A bakinsa akwai wani harshe mai dubban ƙananan haƙora kamar magogin kuɓewa, da shi yake kankare ganye. Yana da ɗan'uwa marar katantanwa, tsirara yake yawo, shi ma halinsu ɗaya.

Kafin ki ɗora wa kowa laifi ki duba shaida. In fara ce, da rana take ci, za ki gan ta. In tsutsa ce, za ki ga ƙananan kashinta baƙi-baƙi a kan ganye. In kaji ne, za ki ga tono. In kuwa kin ga huji-huji marasa tsari a ganye, ko 'yan tsiro an gutsure su daga tushe, sannan ga wani sawu mai sheƙi kamar an ja zaren azurfa a ƙasa ko a jikin buhu, to ba sai an yi rantsuwa ba, shi ne.

Kada tafiyarsa ta sa ki raina shi, sannu ba ta hana zuwa. Kowane dodon koɗi namiji ne kuma mace ce a jiki ɗaya, don haka in biyu suka haɗu kowannensu yana iya yin ƙwai. Babban irin nan na gabashin Afirka yana yin ƙwai har kusan 1,200 a shekara, yana kuma cin tsirrai iri sama da 500. Ga labarin da zai nuna miki ƙarfinsa. A shekarar 1966 wani yaro ya dawo birnin Mayami na Amurka daga tsibirin Hawayi da irin wannan dodon koɗi guda uku a ɓoye, don wasa. Kakarsa ta sake su a lambunta. Bayan shekara bakwai aka ƙirga sama da 18,000, kuma sai da hukumomin jihar Fulorida suka shafe kusan shekara goma, suka kashe dala miliyan ɗaya, kafin su ga bayansu. Guda uku kacal fa!

A wajenmu damina ce kakarsa. Garuruwa masu yawan ruwa irin su Kaduna da Jos da Minna da Abuja sun fi fama da shi, amma ko a Kano da Katsina, in marka ta zauna a watan Agusta, za ki same shi a gindin katanga da bakin rijiya da wajen wanke-wanke. Da rani ba mutuwa yake yi ba. Shigewa yake cikin katantanwarsa ya toshe ƙofar da wani farin marfi na busasshen yauƙi, ya kwanta a cikin ƙasa wata da watanni, ruwan farko na sauka ya farka da yunwa. Shi ya sa gidan da ya yi fama da shi bara, bana ma zai gan shi.

YADDA ZA KI TSARA LAMBUN

Ki zaɓi wurin da rana ke samu aƙalla awa shida, nesa kaɗan da makwararar ruwan wanka. Ki share shi tas, ki kwashe duwatsu da tsummokara da fasassun tukwane, domin duk gidajen hayar dodon koɗi ne. Ki sa fartanya ki kaftu ƙasar sosai. In kin ci karo da wasu ƙananan ƙwai farare ko masu ɗan rawaya a dunƙule, ki baza su a rana ko ki bar wa kaji. Sai ki gauraya ƙasar da takin awaki ko na shanu wanda ya ruɓe ya huce. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona shuka, ki bar shi ya kwana biyu tukuna.

Ki ɗaga fangalin ya ɗan yi tudu don kada ruwa ya kwanta, faɗinsa kada ya wuce yadda hannunki zai kai tsakiya ba tare da kin taka ba. Kayan miya a tsakiya: kuɓewa da tumatur da tattasai a ba su tazarar kamu guda, alayyahu da rama da yakuwa da lalo a jere tsakaninsu. Furen kuma ya zagaye gefe kamar dajiyar zane, tsakanin kowanne da ɗan'uwansa ɗani guda, wato santimita 20 zuwa 25. Ki ƙara jefa ɗaya-ɗaya tsakanin tumatur saboda farin ƙuda.

In gidanku siminti ne ko na haya, kada ki ce ba ki da wuri. Buhun shinkafa da ya ƙare, ko tsohon bokiti, ko daron da ya huje, duk lambu ne. Ki huda ƙasansa, ki cika da ƙasa da taki, ki ɗora a kan bulo. Tumatur ɗaya a buhu, fure ɗaya ko biyu a gefensa. Na buhu ma ya fi sauƙin tsaro, domin hanyar hawa ɗaya ce, kuma kina iya ɗagawa ki duba ƙarƙashi.

Irin marigol siriri ne baƙi mai farin kai, kamar guntun tsinken tsintsiya. Ki yafa shi ki rufe da ƙasa kaɗan, cikin mako guda zai tsiro, cikin mako shida zuwa takwas gajeren zai fara fure. Ba ya son taki da yawa, in kin cika masa sai ya yi ta ganye ya ƙi fure. Duk furen da ya bushe ki tsinke, wani zai fito, ki kuma ajiye busassun a ambulan ko kwalba, iri ne na badi, ba sai kin sake saye ba. Wasu in ruwan ganyensa ya taɓa fatarsu yakan yi musu ƙaiƙayi, in kina cikinsu ki riƙa wanke hannu da kin gama.

Ga kuma sirrin da ya fi komai muhimmanci. Dodon koɗi jarirai yake kashewa. Shukar da ta yi ƙwari, ko ya ci ganye biyu ba za ta mutu ba. Saboda haka ki yi renon irinki, na fure da na tumatur da tattasai da latas, a cikin kwando ko faranti a kan tebur ko benci, sai sun yi kamar mako huɗu, sun yi ganye huɗu ko biyar, sannan ki dasa. Furen kuma ki riga dasa shi da mako biyu, ki kuma reni fiye da buƙatarki, domin wasu za su tafi a bakin aiki.

FUREN YA ZAMA TARKO

Tunda mun san ɓarawon yana son furen, sai mu mayar da kwaɗayinsa ajalinsa. In ya fito daga gindin katanga, abin da zai fara tararwa shi ne layin marigol, nan zai tsaya ya buɗe ciki. Ke kuma kin san inda za ki same shi, ba sai kin bi ganyen alayyahu ɗaya bayan ɗaya ba. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

Bayan isha'i, ko da asuba kafin rana ta fito, musamman ranar da aka yi ruwa, ki ɗauki tocila da bokiti mai ruwan sabulu. Ki sa takalmi rufaffe, ki zura hannunki a leda ko safar hannu, ki bi layin furen kina tsincewa kina jefawa a bokiti. Ki duba bayan ganye da jikin buhu da gindin bulo. Minti goma ya isa. Ki ja ƙannenki ku yi gasa, wanda ya fi tsinta a ƙara masa nama. Makon farko ki yi kullum, za ki sha mamakin yawansu. Daga mako na biyu za ki ga sun ragu, sai ki koma sau biyu a mako. Amma fa ki sani, in kin shuka furen kika kwanta barci ba ki tsince ba, kiwonsu kike yi, in sun gama da fure kan alayyahu za su wuce.

Wadda ba ta son fitar dare, ga tarkon rana. Ki ajiye guntun katako ko jiƙaƙƙen buhu ko ɓawon kankana a kife kusa da furen da yamma. Gari na wayewa za su shige ƙarƙashi neman inuwa, ke kuma ki zo da hantsi ki kwashe. Sai dai kada ki ɗaga da hannu, ki sa sanda, domin kunama ma tana son irin wannan wuri.

Akwai wani tarkon da yake a kicin ɗinku yanzu haka. A shekarar 2021 masu bincike a Jami'ar Jihar Origon ta Amurka sun gwada abubuwa iri-iri don jan dodon koɗi, suka tarar ƙullun fulawa da ruwa da yis wanda ya tashi yana jansu ƙwarai da gaske, yana kuma yin kwanaki yana aiki. Wato dai ƙullun fanke! Ki dama shi ruwa-ruwa, ki zuba a gwangwanin madara ko na tumatur, ki binne gwangwanin a gefen lambu ki bar bakinsa ya ɗan ɗago sama da ƙasa, ki kifa wani tsingaro a kai yadda ruwan sama ba zai cika shi ba amma akwai hanyar shiga. Kullum da safe ki duba ki kwashe.

Waɗanda kika tara, ki bar su a ruwan sabulun su mutu sannan ki binne. In kuna kiwon agwagi, ki ba su waɗanda ba su taɓa sabulu ba, abincinsu ne. Kwaɗo da bushiya ma suna cinsu, in kin gan su a lambu ki ƙyale su, ma'aikatanki ne da ba ki biya. Abu ɗaya ne ban yarda ki yi ba, wato wurga su ta kan katanga. Na farko, kin cuci maƙwabciya. Na biyu, a 2014 wasu masana a Ingila sun yi wa dodon koɗi alama a katantanwa suna jefarwa, suka ga in bai wuce nisan mita 20 ba yakan lallaɓo ya dawo gida.

ABIN DA AKE FAƊA DA GASKIYAR SA

Za a ce miki ki barbaɗa gishiri. Gaskiya ne gishiri yana kashe shi, amma yana kashe ƙasa ma, kuma in ya shiga ba ya fita da wuri. Garin neman gira kada ki rasa ido. Gishiri a cikin bokiti kawai, ruwan kuma a zubar nesa da shuka.

Za a ce ki zagaye da toka. Toka tana tare shi muddin a bushe take, da an yi yayyafi ta zama banza, ga shi kuwa da damina ake yaƙin. In za ki yi amfani da ita sai ki riƙa sabuntawa bayan kowane ruwa, kuma kada ki tula ta a jikin shuka.

Za a ce ɓawon ƙwai yana yanke masa ciki. Babbar ƙungiyar masu lambu ta Ingila ta gwada wannan a 2018 a kan latas, tare da tsakuwa da ɓawon itace da zaren tagulla da dunƙulen ulu, ta tarar latas ɗin da aka kewaye da wanda ba a kewaye ba duk ɓarna ɗaya aka yi musu. Yauƙin jikinsa yana ba shi damar bi ta kan abu mai kaifi lafiya lau. Ki zuba ɓawon ƙwai a rami ya zama taki, ya fi amfani.

Sai maganin kanti. Akwai wasu ƙwayoyi, galibi shuɗaye, masu sinadarin metaldehaid. Suna kashe dodon koɗi, suna kuma kashe kare da kyanwa da kaji, yaro mai rarrafe ma in ya tsinta ya kai baki sai asibiti. Birtaniya ta hana amfani da su a lambu tun daga Afrilun 2022. A tsakar gida irin namu, inda yara da kaji ke yawo wuri ɗaya, kada ki kawo shi ko kyauta aka ba ki. Haka nan kada ki ɗauki maganin feshin gona ko na sauro ki fesa wa ganyen da za a ci jibi.

Wajen ban ruwa kuma, in damina ta yi fashi kina son ki taimaka, ki ba da ruwa da safe a gindin shuka. In kin jiƙa wurin da magariba kin shimfiɗa masa tabarma ke nan. Da rani, lokacin da yake barci, kina iya ban ruwanki safe da yamma yadda aka saba.

LAFIYARKI FA?

Nan ba wasa. Dodon koɗi yana iya ɗaukar wata tsutsa da ke fitowa daga kashin ɓera, wadda in ta shiga jikin mutum takan kai ga ƙwaƙwalwa ta haddasa ciwo mai kama da sanƙarau. Hanyar kamuwa ita ce cinsa ɗanye ko bai dahu ba, ko kuma haɗiye wani ɗan ƙarami da ya maƙale a ganye ba a lura ba. Don haka duk ganyen da za a ci ɗanye, irin su latas da kabeji da lansir, ki ware shi ɗaya-ɗaya ki wanke da ruwa mai tsabta kina dubawa, wanda aka ci ko yake da sawun yauƙi ki yar. Na miya da na kwaɗo kuwa wuta ta gama da komai. Ki hana ƙananan yara wasa da mai rai, in kuma sun taɓa su wanke hannu da sabulu.

Kada ki haɗa shi da na ruwa. Ƙananan katantanwar da ke zaune a kududdufi da madatsun ruwa da magudanan noman rani su ne ke ɗauke da tsargiya, ciwon nan da ke sa fitsarin jini. Na tudu ba ya kawo ta. Amma in daga kududdufi kike ɗebo ruwan lambu, kada ki tsunduma ƙafa a ciki, ki tsaya a gaɓa ki ɗiba da guga.

RIBAR WAHALA

Alayyahu cikin mako huɗu kin fara yanka, kuma in kin yanke sama kin bar gindi zai sake tofowa. Kuɓewa kamar wata biyu ta fara 'ya'ya, ki riƙa tsinka duk bayan kwana biyu kafin ta ƙosa, rarar ki yanka ki shanya don miyar rani. Yakuwa da rama ba su da rigima ko kaɗan. Ranar da baƙi suka yi sallama ba shiri, Mama ta buɗe jaka tana lissafi, ke kuma kika zagaya bayan ɗaki kika dawo da faranti cike da ganye shar, a ranar za ki san darajar minti goman nan na dare. In ya yi yawa ki ƙulla ki aika maƙwabta, ko ki sayar ki sayi littafi da biro ba tare da kin ce Baba ya kawo ba.

Ke kuma amarya mai shirin tarewa, cikin kayan da za ki tafi da su ki sa 'yar ambulan ɗin irin fure da ta alayyahu. Ba ta da nauyi, ba ta cikin lissafin gara, amma wata biyu bayan biki, in dangin miji suka zo ganin ɗaki suka tarar da tsakar gida ta yi ruwan goro da kore, ga miyar ganye daga gindinta, za su koma da labari. Shi ma maigidan, furen da aka tsinko a gida aka sa a kofi kusa da kwanon abincinsa ya fi na roba da ake saye a kanti.

Ki fara da buhu biyu a wannan hutun, ɗaya alayyahu, ɗaya kuɓewa, kowanne da furensa a gefe, da tocila mai sabon batir a ƙarƙashin matashi. Wadda ta gwada ta rubuto mana yadda ta kaya tsakaninta da dodon koɗi, da adadin da ta tsinta a daren farko.